Kaset Na Bakwai

Daga ƙasar da ruwa ke kwana bisa rufi wata huɗu
ya zo Dukku, inda muke sayen ruwa da kwabo.
Mista Ceriyan, baƙi kamar mu, siriri kamar kara,
alli a aljihu, man kwakwa a ka.
In ya yarda ya kaɗa kai, in ya ƙi ya kaɗa kai,
sai da zango ya ƙare muka gane bambancin.

Bai taɓa ce wa yaro ka yi ƙarya ba.
Sai dai, "Wa ya faɗa maka?"
Ka ce littafi. Ya ce, "Shi kuma wa ya faɗa masa?"
Har sunan ya bi shi kasuwa: Malam Wa-Ya-Faɗa.

Ni ne ɗan riƙon rikoda, ni ne tafinta,
ranar Asabar ina bayan basfa, batir shida a jaka.
Muka je wurin Jauro Barkindo ya ce kakansa ya haƙa tafkin yamma,
muka je wurin Baba Gidado ya ce a'a, nasa kakan ne.
Na ce Malam, ɗaya dai maƙaryaci ne, mu zaɓa.
Ya ce rubuta duka biyun, Bappayo,
guga ɗaya ba ya gaya maka zurfin rijiya.

Wata rana a gindin tsamiya, basfa ta ƙi tashi,
ya ce mini a garinsu sarakuna sun rubuta kyautarsu a farantin tagulla,
har yau ana karantawa,
amma kakansa mai su, da teku ya cinye,
ko ƙusa ba ta ja sunansa a jikin komai ba.
"Shi nake nema," in ji shi, "ko'ina na je."

Kwangila ta ƙare, ya tafi da tari da akwati ɗaya.
Ya bar mini adaka: kaset goma sha ɗaya, littattafai huɗu,
ya ce zai dawo mu gama.
Gara ta gama da biyu. Ni na gama da aikin gwamnati.
Bara wasiƙar 'yarsa ta iso, ta yi wata biyar a hanya:
ya rasu da damina, yana tambaya ko tafkin na riƙe ruwa.

Daren nan na ari rikodar mai gyaran rediyo.
Kaset na bakwai. Kaji, turmi, kukan jaki,
sai muryar Goggo Jebba, yayar kakata, da Fulatanci,
a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a gero:
ba kakan Jauro ba ne, ba na Gidado ba,
su a inuwa suka zauna.
Bayi ne suka haƙa, mata suka kwashe ƙasa a ka,
cikinsu har da uwata, Kumbo, da tsagar wasu mutane a fuskarta.

Shiru.
Sai wani yaro mai shekara sha shida, muryarsa fes,
yana cewa da Turanci: ta ce ta manta.

"Shi ke nan abin da ta faɗa, Bappayo?"
"Shi ke nan, Malam."
Na san ya kaɗa kai.
Har yau ban san wace kaɗawa ce ba.

Shekara arba'in da shida maganar na kwance a zare,
ba ta tsufa ba, ni ne na tsufa.
Na kunna fitila, na buɗe littafin da gara ta rage,
ƙarƙashin rubutunsa mai kama da sawun tururuwa
na sa: Kumbo. Ta ɗauki ƙasa.
A gefe, inda yakan bar fili don tambayarsa,
na rubuta: 'yarta ce ta faɗa.
Ni na ɓoye.