Ingilishin Nafi'u

Nafi'u ya dawo Damagaram daga Legas da sabon baki,
ya kife turmina ya zauna, waya a kunne.
Turancin lakwal na saba ji, ta hanci yake fita,
mushe na kakin kalma daga maƙogwaro.
Wannan ko dabam ne:
kamar yaro ya jefa ɗanwake da zafinsa,
yana juya shi, bai tauna ba, bai tofar ba.

Harshe ya leƙo tsakanin haƙora,
na ce, “Kai, wa kake wa gwalo?”
Sai shuu, shuu,
har kajina suka watse.

Ya ce “wata”. Na ce, “Wace ce? Ƴar Birni ko ƴar Zango?”
Ashe ruwa yake so.
Ya take mini ƙafa, ya ce “sauri”.
Saurin me, ɗan nan, ni da gwiwa ta ƙi?

Da dare zazzaɓi ya kayar da shi.
Na kasa kunne daga bakin ƙofa.
“Wayyo Inna,” yake, “wayyo kaina.”
Wannan kam na ji shi sarai.
Na lalubi fitila,
na jiƙa masa tsamiya.