Tsakuwa a Cikin Inji

Da hantsi Mati ya iso Ƙofar Ƙaura, gindin dalbejiya,
Da Fijo akori-kura mai jigilar gero, tsohuwar mota.

Ya ce, "Baba Tanimu, ni dai na gaji.
A gangare lafiya lau take, kamar ruwa,
In na yi lodi na nufi Jibiya, na danna totur a hawa,
Sai in ji tsakuwa cikin gwangwani ana girgiza ta."

Baba ya aje kofin shayi kan mataccen batir,
Ya dafa injin da tafi, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi,
Ya dube ni ya ce, "Ilu, tashe ta."

Na murɗa makulli, ta yi tari, ta kama.
Ya ce, "Babu tsakuwa a nan, Mati, gaggawa ce ta wuta.

Fistin na hawa, bai kai ƙoli ba tukuna,
Fulogi ya riga shi, ya tarbe shi da mari.
Mutum biyu ke tura ƙofa ɗaya, ciki da waje,
Ƙofar ce ke kuka, ita za a lalata.

A ina ka sha mai?" Mati ya sosa ƙeya:
"Galan biyu ne kawai, wurin 'yan bumburutu, hanyar Kaita."

"An sirka maka da kananzir, ka biya kuɗinka ka sayi cuta."

Na kwance fulogi huɗu na jera kan tsumma,
Bakin kowanne fari fat, kamar tokar murhu.
Baba ya ce, "Duba da kyau, wannan ma rubutu ne.
Fari yunwa, iska ta rinjayi mai.
Baƙi ƙoshi, har da ɓarna.
Launin ƙuli-ƙuli muke nema, shi za ka koyi karanta."

Muka sauke ta, na wanke da fetur a cikin tasa,
Ramin jet ɗin bai fi idon allura ba, ya toshe da tsatsa.
Na ɗauko waya, ya doke min hannu:
"Da baki ake hurawa, yaro, ba a yi wa kafireta tsiyata."

Sukurun iska ya shiga da shi a hankali,
Har injin ya fara tuntuɓe kamar zai faɗi,
Ya dawo da shi rabin zagaye, ya ƙara kwata,
Rawar jikin ta lafa, salansa ta huta.

Saura ɗaya: ya sassauta noti da sifana,
Ya mayar da ita baya, kaurin farce, distirbita.

"In ka zarce, Ilu, ta zama raguwa, ta yi zafi,
In ka rage, tsakuwar na nan, ba ta fita."

La'asar muka ɗora buhu takwas don gwaji,
Mati na tuƙi, Baba a tsakiya, ni jikin ƙofa,
Bayan Ƙofar Guga hanya ta fara hawa,
Giya ta huɗu, ƙafa a ƙasa, muka matsa mata.

Sai Baba ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa:
"Ka ji wani abu?" Na dube shi, na rasa ta cewa.
Shekara arba'in na guduma da fasasshiyar salansa
Sun cinye masa siririyar ƙara tun damina waccan.
Da tafi ya ji zafin, da ido ya ga fulogi,
Amma tsakuwar, bai taɓa jin ta ba yau, ko kusanta.

Na kasa kunne har muka kai kan tudu.
Na ce, "Saura kaɗan, Baba, can ƙasa, kamar ƙwayar gero."
Ya miƙo min sifana, bai dube ni ba,
Ya ce, "Tsaya nan, Mati. Ilu zai ƙarasa ta."