Rahoton Kawu Tanimu

Barira, kin ce in je in dubo miki,
to, na je.
Ran Talata na bar wa yaro shago a Dilimi,
na hau motar Bukuru
da sanyin safiya a gwiwoyina.

Ni ba ɗan boko ba ne, kin sani.
Tsohon inji na iya saye.
Ba na duban fenti,
kunne nake karawa in ji numfashinsa.
Haka na yi wa kwalejin nan taku.

Ƙofa ta sha fenti, har da furanni.
Mai gadi ya ce, wa kake nema?
Na ce ni kawun ɗaliba ne.
Ya ce wacce?
Na ce ba ta zo ba tukuna.
Ya yi dariya, ya buɗe.

A ɗakin koyon lantarki na ƙirga na'ura tara.
Shida sun mutu, an lulluɓe su da leda
kamar ana jiran dangi su iso.
Biyu na tari.
Ɗaya ce mai rai,
a kanta na tarar da wani Malam Davou,
hannun riga a naɗe, alli har a gira,
ɗalibai goma sha huɗu a layi,
kowa sai ya taɓa waya da yatsunsa.
Wata ta haɗa a karkace, fis ya ƙone.
Bai yi tsawa ba.
Ya laluba aljihunsa ya ciro wani,
aljihunsa fa, Barira, ba na gwamnati ba,
ya ce, sake.

Littattafan ɗakin karatu sun girme ki,
wasu ma sun girmi uwarki.
A ɗakin kwanan mata
ruwa na zuwa Litinin da Alhamis, in ya ga dama.
Ki tanadi jarka biyu da bargo mai kauri,
taga uku ba gilashi,
kin kuwa san Jos idan dare ya raba.

Kuɗi na tambaya sau biyu.
Na takarda daban, na biya daban,
kuɗin kaza, kuɗin kaza,
amma ko an tara su duka
ba su kai kuɗin da babanki ke rasa barci a kansa ba.
Shekara biyu aka rubuta.
Wani ɗalibi ya raɗa mini:
in malamai suka yi fushi, ƙara wata shida.

Da na fito sai na zauna wurin mai awara,
Mama Kangyang,
shekara goma sha bakwai tana bakin ƙofar nan.
Na ce, waɗanda suka gama, ina suke?
Ta juya awara kafin ta amsa.
Ta ce akwai mai jan keke
da difloma a ƙarƙashin kujera,
akwai waɗanda suka ci gaba da karatu,
akwai wani da ke haɗa sola yanzu a Rayfield,
ya dawo bara ya biya bashin awarar shekara biyu,
har ya sa mata ƙwan fitila a rumfa.
Ta ce, nan kamar kasuwar Katako ne, Alhaji,
itace za a ba ka,
kujera kai za ka sassaƙa.

To, ga hukuncina, in makanike na da hukunci.
Injin ya tsufa, yana shan mai,
yana hayaƙi a hawan tudu,
amma ban ji ƙarar da ke sa in juya baya ba.
Zai kai Abuja
in direba ba mai gyangyaɗi ba ne.

Fom ɗin na nan a aljihuna, ban cike ba,
hannunki ne zai yi wannan, ko ya ƙi.
Na kuma sayi fakitin fis a hanyar dawowa.
In kin je, ki miƙa wa Malam Davou.
In ba ki je ba,
ni zan kai.