Shafi Ɗaya

Shekara tara na yi ido ɗaya a runtse,
ɗayan a bakin madubin likita,
can ƙuryar ɗakin gwaji a Katsina,
inda fanka ke tari, taga ke kallon darbejiya.
Malam Hambali ne ya koya min shuka.
Ba gero ba, ba dawa ba,
ƙwayar cuta muke shukawa a faranti,
mu kwana, mu dawo mu ga abin da ya tsiro.

Kowane magani yakan shata da'irarsa,
iyakar da cuta ba ta ƙetarewa.
Da na fara aiki da'irar ta kai faɗin sule.
Bara ta koma ƙwayar riɗi.
Bana, a farantin wata yarinya daga Batagarawa,
babu da'ira.
Cutar ta haye maganin ta yi zamanta
kamar akuya bisa buhun dusa.

Ranar na rataye farar riga.

Yanzu bene nake hawa a sakatariya
da jakar takardu da takalmi mai ƙara.
Inna Sahura ta ce, "Ke Barira, wace irin dakta ce,
ba allura, ba awon jini, ba ko taɓa goshi?"
Na ce, "Inna, kunnen gwamnati nake dubawa."
Ta ce, "To ki dage, wannan majinyacin ya daɗe a kwance."

Shafi arba'in da biyu na rubuta.
Babban sakatare ya ɗaga shi a tafin hannu
kamar mai tayin kaza,
ya ce, "Dakta, kwamishina minti bakwai gare shi.
Mai da shi shafi ɗaya."
Na kwana ina fiɗa.
Na cire jadawali, na cire dogayen sunaye,
na cire "mai yiwuwa" sau goma sha ɗaya,
da asuba na mayar da uku,
don ƙarya ba ta cikin kayan aikina.
Yarinyar ce ƙarshen fita.
Ta koma lamba, ta rakuɓe a layi na shida.

A teburin taro kowa da ɗan da ya goyo.
Mai hanya ya zo da hoton kwalta,
mai burtsatse da hoton ruwa na tsartuwa.
Ni me zan ɗaga?
Ba a yanka ƙyalle don annobar da ba ta zo ba,
ba a ɗaukar hoton makarar da ta kwana a jingine.
Na ce a daina tallar kafso a tire kamar gyaɗa,
a ba ɗakunan gwaji sinadari da wutar sola,
a riƙa ƙidaya kafin maƙabarta ta ƙidaya mana.
Wani ya ce, "Masu tiren nan fa suna da ƙuri'a."
Wani ya duba agogo.
Kwamishina ya ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya,
ban hango wacce ba.

Wata biyar shiru.
Na koyi haƙurin fayil,
na koyi gaida Lurwanu masinja,
shi ya san teburin da takarda ke barci.

Sai a kundin kasafi, can wajen shafi na ɗari biyu,
tsakanin tayoyin mota da fentin ofis,
na tsinci layina,
ya rame, an raɗa masa wani suna.
Na karanta shi sau uku a tsaye.

Da yamma na bi ta Ƙofar Ƙaura.
Wani saurayi ya miƙo tire ta tagar mota:
"Hajiya, ja-da-yalo, na ciki, na mura, na gajiya."
Na kira Malam Hambali,
na ce firij na nan tafe, amma ɗaya tak.
Ya yi dariya har da tari:
"Barira, a farantin ma ai ɗigo muke shukawa.
Je ki kwanta.
Gobe a buɗe a gani."