Hamzar Ɗan'azumi

Ƙarfe biyun dare, garinmu ya yi tsit,
in ban da kwaɗin fadamar Auyo
da fankar kwamfutata mai tari kamar tsohuwa.
Batirin sola ya ce saura kwata.
Sabis kuwa, sai na ɗora waya a kan katanga
na tokare ta da rabin bulo.

Aikina shimfiɗa bututu,
ba na roba irin na Baba ba,
na umarni: wannan ya karanta fayil
ya miƙa wa wancan, wancan ya tankaɗe,
na uku ya rubuta sabo, ya ɗinke manhaja,
ba hannun kowa a ciki.
Da asuba wakilan ƙungiya su buɗe waya
su tarar da sunan kowane manomi,
da faɗin gonarsa, da buhunan takinsa.

Fayil ɗin gida ne mai ɗaki a cikin ɗaki.
Baka in ta buɗe, dole baka ta rufe.
Kowane suna na riƙe da kayansa,
waƙafi na tsaye a tsakani
kamar gamba a iyakar gona.

Na tura. Na jira.
Ja.

Na sake turawa, kamar mai dukan injin da ya ƙi tashi.
Ja dai, da saƙo marar gaisuwa:
layi na ɗari biyu da goma sha bakwai,
an ga abin da ba a zata ba.

Na gangara layi-layi.
Cindo lafiya, Tasalla lafiya,
Nomau mai albasa yana ɗakinsa.
Sai ga shi: Ɗan'azumi Jatau.
'Yar hamzar nan da ke rataye a tsakiyar sunansa,
na'ura ta ɗauka ƙofa ce aka rufe.
Ta karanta Ɗan, ta tsaya,
ta bar azumi a waje ba mai karɓa,
mutum ɗari uku na bayansa sun maƙale.

Barau daga Kano ya rubuto, shi ma idonsa biyu:
Kuluwa, goge ta mana mu kwanta,
ɗigo ne fa, wa zai lura?

Yatsana ya kai kan maɓalli.
Sai dai na san mai sunan.
Shi ya goya ni a keke zuwa jarrabawa
shekarar da ruwa ya cinye hanyar Hadeja.
A katinsa da hamza aka rubuta,
in na cire, gobe sunan ba zai dace da katin ba,
ya dawo daga rabon taki yana kaɗa hannu.

Baba in ruwa ya ƙi shiga kwami
ba ya zagin ruwa.
Yakan tsuguna da fartanya
ya nemi inda hanya ta karkace.

Na tsuguna.
Ashe ni ce na liƙa sunaye da hannu,
kamar mai ɗaure tiyo da tsumma.
Na warware, na bar wa mai karanta fayil ya karanta,
mai rubutawa ya rubuta,
na koya musu ƙa da ɗa da ɓa tun da ina wurin,
kada gobe Ɓaidu ya koma alamar tambaya.

Na tura. Ja kuma!
Wannan karon laifina ne tsantsa,
waƙafi ɗaya na manta a ƙarshen jeri,
yana jiran baƙon da ba zai zo ba.
Na yi dariya ni kaɗai har akuya ta motsa.

Sai kore. Kore. Kore,
kwami bayan kwami yana cika.

Batir ya ɗauke kafin in gaya wa Barau.
A waje na ji Baba yana jan igiyar inji,
sau uku, sau huɗu, ya kama.
Ɗan'azumi ya wuce ta ƙofarmu da sallama,
ya tambaya ko 'yar boko ta tashi.
Inna ta ce ai yanzu ta kwanta,
ba ta da aiki sai danne-danne.