Hotuna Huɗu a Kan Kati

Ranar da aka rufe iyaka a Ɗan Isa
na zauna bayan tagar tikiti har la'asar,
motoci shida na jere a inuwa
kamar shanun da aka hana kiwo.
Alhaji bai zo ba. Yaronsa ya aiko
da ambulan, da "a yi haƙuri", da sabulun wanke hannu.

Shekara tara ina tsaga tikitin Kano,
ban taɓa duban layin ƙarshe na takardar albashi ba,
inda ake yankar kuɗin mutuwel
shiru, kamar cizon ɓera.
Sai da albashin ya tafi
na gane layin nan ne ke riƙe da Sahura.

Sahura, shekararta bakwai, amosanin jini.
In ciwon ya tashi
ƙashinta ke fara kuka kafin bakinta.
Koren katin nan mai hotuna huɗu
shi ke sa mai farmasi ya miƙo magani
ba tare da ya leƙa aljihuna ba.

Na ɗaura takunkumi na tafi ofishinsu.
Malam Tsahiru ya ja kujerarsa baya, yadda rediyo ta ce,
ya ce: Kamfani ya daina zubi.
In kana son katin ya rayu, kai za ka shayar da shi,
jikka biyu kowane kai, duk wata uku.
Ka tsallake, ka koma bayan layi.
Ciwo kuwa bai san layi ba.

Kai huɗu, jikka takwas.
Na yi ta lissafi a ƙasa, daga Ali Ɗan Sofo har Bagalam,
ko sisi bai ragu ba.

Haladu mai faci ya ce:
Kana biyan cutar da ba ta zo ba,
ga tukunya tana jiran gero.
Ban tanka ba. Rabin gaskiya ya faɗa.

Jar akuyarmu ta tafi kasuwa cikin azumi.
Dillali ya taya kamar mai zagi,
kowa sayarwa yake, babu mai saye.
Na sallama.
Zubi na biyu ya ci fankar ɗaki da agogona.
A na uku na tsaya gaban Tsahiru da jikka shida,
na ce: Cire ɗaya.
Ya ce: Wa?
Na ɗora yatsa kan mutumin nan mai hula
da ya yi wa mai hoto murmushi
don a lokacin yana da aiki.

Ban gaya wa Baraka ba.

Ina dakon buhunan aya, damina na tattara kayanta,
zazzaɓi ya kwantar da ni.
Kwana uku ina cewa ganye ya isa.
Ran na huɗu ta ciro katin daga ƙasan kwalla,
ta ce: Tashi, ga kabu-kabu a ƙofa.
Na bi ta, ina shirya kunyar da zan sha.

Mai karɓar kati ta duba littafi,
ta buga hatimi, ta kira sunana,
cikakke, har da na mahaifina.

A bencin asibiti Baraka ba ta dube ni ba.
Ta ce: Kwasar adashena ce.
Matar Tsahiru a wurina take sayen ƙuli,
ka ɗauka Maraɗi tana da faɗi?
Ka goge kanka,
wa zai saɓa Sahura in ciwo ya zo da tsakar dare?

Har yau ba a buɗe iyaka ba.
Saura kwana goma sha tara zubi.
Sahura ta juye gwangwanin tumatir kan tabarma,
tana jera dala ashirin-ashirin,
tari huɗu take yi,
ɗaya ya fi sauran gajarta,
tana ciro daga nata tana ƙara masa.