Gaɓar Rake

Ranar da na ci uku bisa ashirin
bayan tankin ruwa na ɓuya,
takardar lissafi a dunƙule cikin tafina
kamar wadda ta tsamo nama a miya.
Ni 'yar Bomo, sati shida kacal a aji ɗaya,
mota ta sauke ni Ƙofar Doka da safe,
in ƙarasa a ƙafa, safata na shan jar ƙasa.

Sai ga inuwa a kaina.
'Yar aji shida! Gabana ya faɗi,
don da tsintsiya muka san su, da "Ke, durƙusa nan."
Ta ce, "Miƙo." Na miƙa.
Ta warware takardar bisa gwiwa,
ta ja tsaki, ta dube ni sama da ƙasa:
"Kanki ƙalau yake, tsoro ne ya toshe ƙofa."

Barira Tanimu, 'yar Kwarbai,
mai saurin baki, mai saurin hawa,
ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma koya ba.
Ta ja ni wajen mai baro a bakin makaranta,
ta sayi rake sanda guda da kuɗin tararta.
"Gaɓa nawa?" Na ce, "Takwas."
Ta karya biyu, ta ɓare da haƙori, ta shanye.
"Nawa na sha miki?"
"Biyu bisa takwas," muryata na rawa.
"Haɗa su bibbiyu, ki sake dubawa."
Na duba. Na sake dubawa.
Ɗaya bisa huɗu ta fito, tsirara, tana dariya.
Ashe abin da allo ya hana ni wata guda
yana kwance a baron Malam Na'iya.

Daga nan Talata da Alhamis,
in an kaɗa ƙararrawar tara,
gindin dalbejiya ya zama ajinmu.
Wata rana ta yi fushi ta jefar da alli,
wata rana ni na ƙi zuwa, na ce ciwon ciki.
Ta biyo ni har aji, ta ja kunnena gaban kowa:
"Ɗaga hannu ba ya karya kafaɗa.
In ba ki gane ba, tambaya,
dariyarsu ba ta kai azahar."

Da ta gama jarrabawar fita
ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne.
Gwangwanin kayan lissafi ta cusa min a jaka,
murfinsa a lotse, kamfas ɗin ƙafa guda a karkace,
an ƙarce sunanta da ƙusa a ciki,
a samansa kuma wani suna, Laraba,
wadda ban taɓa gani ba.
"Ita ta saya min rake," ta ce, ta wuce.
An ce yanzu tana Shika, tana koyon allura.
Ina tausayin mai ƙin shan magani a hannunta.

Bana ni ce a aji shida.
Shekaranjiya na ji shessheƙa bayan tanki:
Rifkatu, 'yar Wusasa, huɗu bisa ashirin,
ta fi ni da ɗaya, ban dai faɗa mata ba.
Na kai ta wajen baro, rake ya ƙare,
damina ta yi nisa, sai dafaffiyar gyaɗa.
Na tsaya ina lalube, dabarata ta tafi da rake.
Ita ta zube gyaɗar a kan benci,
ta kasa ta kashi huɗu da ɗan yatsa,
ta ce, "Anti Sa'ade, kamar haka?"

Na ce, "Kamar haka."

Yau da dare zan nemo ƙusa.
Murfin ya cika tsatsa,
amma ƙasan sunan Barira
akwai sauran wuri, na mutum biyu,
in an matsa.